Yadda zaki ba yara abincin dare mai sauƙi kuma ki kwanta hankalinki kwance

Wannan magana ce tsakanina da iyaye mata 'yan uwana mazauna Saudiyya, musamman mu na Makka da Jidda, masu fita dawam, wato wajen aiki, da masu sana'a a gida da ma waɗanda yara ne kawai suka yi musu yawa babu mai kama musu. Magriba tayi, jiki ya mutu, yara sun fara "Umma me zamu ci", kin fasa ƙwai kin soya kin haɗa musu da burodi sun ci sun ƙoshi har da lasar hannu, amma ke kin kwanta da wani abu a ƙirji kamar kin zalunce su. Toh abinda zan nuna miki shine yadda zaki tsara abincin nan mai sauƙi ya zama yana ɗauke da abinda jikin yaro yake buƙata, sai kuma yadda zaki bi da bakin mutane, don rabin damuwar daga can take fitowa.

Ki fara da tambayar kanki da wa kike gwada kanki. A gidajen da muka tashi, ko waɗanda iyayenmu suka tashi a Kano da Sakkwato da Damagaram, tuwon dare shine babban abinci, gaskiya ne, amma fa ba mace ɗaya ke yinsa ba. Akwai ranar girki, yau wannan ɗaki gobe wancan, ga 'yan mata masu tankaɗe da jajjage, ga yaron da za'a aika niƙa, ga ciyayya tsakanin maƙwabta wadda ko taki miyar bata samu ba kwanon gidan Hajiya zai shigo kafin Isha. Ke kuma kina cikin shigga, wato fulat, mai ɗaki biyu a hawa na uku, ke ce mai girki ke ce mai wanke-wanke ke ce mai duba aikin makaranta, kuma mutanen Jidda sun sani, tun da aka rushe unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, su Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiyya, 'yan uwan da a da taku goma ne tsakani yanzu sai an hau mota an keta gari kafin a ga juna. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, in kika auna kanki da aikin mata huɗu dole ki ga kin gaza.

Sannan ki lura da tsarin cin abincin ƙasar da kike ciki. Nan babban abinci na rana ne, gada, bayan yara sun dawo makaranta, lokacin ne ake zuba kabsa ko bukhari ko dafa-duka irin tamu. Da dare kuwa ki wuce ta gaban mai ful, wato dafaffen wake irin na Larabawa, bayan sallar Isha ki ga layi, 'yan ƙasa ne da farar jallabiyarsu tas suna jiran ful da tamis, burodinsu mai faɗi, mai zafi daga tanderu, wani ya ƙara da adas (wani ƙaramin wake mai faɗi) wani mutabbak (soyayyen kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki), su kai gida a shimfiɗa leda a ci, kuma babu wanda yake jin ya ci amanar iyalinsa. Mu ne muka haɗa wa kanmu kaya biyu, gada mai nauyi irin ta nan da tuwon dare irin na gida. Ki zaɓi ɗaya. In kin yi girki mai kyau da rana, dare na abu mara nauyi ne, in kuma dawam ɗinki ya cinye rana sai ki juya tsarin, amma sau biyu kullum kam babu wanda ya ɗora miki.

Yanzu lissafi, don inaga shi yafi saurin kwantar da zuciya. Jikin yaro baya aiki da faranti ɗaya, abinda ya ci tun safe har dare ake haɗawa, har ma abinda ya ci cikin satin gaba ɗaya. Sinadarin gina jiki, wato furotin, wanda shi muka fi tsoron yaro ya rasa in babu nama, ma'aunin da masana abinci suke amfani da shi ya nuna yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 giram 13 yake buƙata a rana, ɗan shekara 4 zuwa 8 giram 19, ɗan 9 zuwa 13 kuma giram 34. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kofin madara wajen giram 8. Kinga kenan ƙwai biyu da kofin madara sun kai giram 20, sun biya wa ɗan shekara shida buƙatarsa ta yinin duka, balle kuma ya riga ya ci kaza a cikin shinkafar rana. Abin da kike kira "ƙwai kawai" ɗin nan kenan.

Hanyar da zaki bi kullum ba sai kin tsaya dogon tunani ba, ki tabbata abu uku sun hau kan ledar. Abu mai riƙe ciki, burodi ne ko tamis ko samuli (dogon burodin sanwic) ko taliya ko ragowar shinkafa. Abu mai gina jiki, ƙwai, ful, adas, kifin gwangwani, jubna (cuku), laban (nonon sha irin na nan) ko yogot. Sai ɗanyen abu ko ɗan itace, kokwamba, tumatir, karas, ayaba, lemu, kankana, dabino, duk wanda ke tallaja, wato firij. Na ukun nan shine wanda ake yawan mantawa kuma shine mafi sauƙi, yanka kokwamba biyu baya cin minti ɗaya. In ukun nan sun haɗu kin gama, kar ki sake waiwayar maganar.

Bari in kawo waɗanda suke fita da wuri, kowa ta ɗauki wanda yaranta suke ci.

Shakshuka irin ta mutanen Hijaz, ki soya albasa ta yi laushi, ki zuba yankakken tumatir da ɗan tattasai su dahu su saki ruwa, gishiri kaɗan da kamun (wani kayan ƙamshin girki), ki fasa ƙwai a kai ki juya, minti goma an sauke. Ful na gwangwani kuwa ki juye a tukunya ki ɗumama ki murƙushe da bayan ludayi, ki sa tahina (markaɗaɗɗen riɗi) da lemon tsami da man zaitun, in kina so ki yanka tumatir a sama. Adas ja, wanda baya buƙatar jiƙo, kofi ɗaya da ruwa kofi uku, albasa, tumatir, kurkur da kamun, cikin minti 15 zuwa 20 ya narke ya zama miya mai kauri, a dangwala da tamis, kuma wlh yana riƙe ciki har safe. Kifin gwangwani ki tsiyaye man ki haɗa da albasa da lemon tsami ki cusa cikin samuli. Ranar da ko wuta bakya son kunnawa akwai ma'asub, ayaba ce nunanna a dame da gutsattsarin burodi a sa ɗan gishɗa (kirim ɗin madara) ko madara, sai dai ki kula ba'a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, don mutane suna yawan yaryaɗa ta a kai.

Namu na gida ma fa ba duka ne masu cin lokaci ba, mun dai manta ne. Ɗanwake tun asali abincin sauri ne, fulawa da kuka da ruwan kanwa, a kwaɓa a jefa a tafasasshen ruwa, kafin ki gama yanka kabeji ya taso sama, amma in na fulawa zalla ne babu garin wake ki dafa ƙwai ki ɗora a kai don shi kaɗai baya gina jiki sosai. Taliya da mai da yaji, ki ƙara mata ƙwai da tumatir ta zama abinci cikakke. Kwaɗon zogale ko na kabeji da ƙuli. Fura da laban, wadda kakanninmu suka kwana da ita a ciki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kuma suka wayi gari suka tafi gona. Kuka da daddawa da ƙuli da busasshiyar kuɓewa ba wahalar samu suke ba, 'yan Makka sun san hanyar Shara Mansur, sauran kuma duk lokacin Umara ko Hajji akwai mai zuwa daga gida da za'a iya ba sautu.

Maganar Indomie kuma, don nasan ita ce tafi sa mata jin kunya, har wata zata ɓoye ledar a ƙasan bola kar baƙuwa ta gani. Yara suna sonta, a nan ƙasar ake yinta, kowace bakala, wato kantin unguwa, akwai, kuma hana su ita gaba ɗaya faɗa ne da ba zaki ci ba. Matsalarta biyu ce, gishiri yayi yawa a garin ɗanɗanon da ke ciki, sannan ita kaɗai bata da wani abin gina jiki na kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba ma kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, yaro kuma ƙasa da haka. Toh ki sa rabin garin ki ajiye rabi, in leda uku zaki dafa gari ɗaya da rabi ya isa, ki fasa ƙwai a ciki ko ki zuba kifin gwangwani, ki watsa karas da koren wake irin na firiza ɗin nan da ake sayarwa a yanke, su dahu tare. Haka ɗin sau ɗaya ko biyu a sati ba abin tashin hankali bane. Abinda ni bana goyon baya shine ta zama ita ce safe ita ce dare, ko yaro ya riƙa gurgurar ta ɗanya da garin a matsayin abin taɓawa. Brosted, wato soyayyar kazar gidan abinci, ma haka, ranar da maigida ya shigo da ledar Albaik kowa ya ci da farin ciki, ba sai kin ɓata rai kina lissafin mai ba, kawai dai kar ya zama shine tsarin gidan.

Inda nake ganin ya kamata a kai damuwar da ake ɓatawa a kan tuwo shine abin sha. Faranti mai sauƙi bai cika cutar da yaro ba, lemon kwalba da jus ɗin kwali mai sukari da ake korawa da shi kowane dare su ne suke cin haƙora suna toshe ciki. Ita kanta gwamnatin nan ta sa harajin kashi 50 a kan lemon gas a shekarar 2017, a ƙarshen 2019 ta haɗa da sauran abin sha masu sukari. Ruwa ko laban ko madara sun wadatar. Shayi kuma, wanda mu da Larabawa duk muka haɗu a kan sonsa, yana rage wa jiki iya tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin ful da adas da wake, wato wanda ke ƙara jini, shi kuwa lemon tsami da tumatir da lemu taimaka masa suke. Saboda haka in ful ne ko adas a matse lemon tsami, shayin a bari sai an ɗan jima, ƙananan yara ma a haƙura da ba su.

Sai tanadi, wanda shine yake raba daren da kike da abin badawa da daren da kike tsaye gaban tallaja kina kallonta tana kallonki. Kar ki bari ƙwai da laban da burodi da gwangwanin ful da adas su ƙare a gidan, burodi yana zama a firiza lafiya lau, ki fito da shi ki ɗora a kasko ya dawo kamar sabo. Ranar Juma'a ko Asabar da ake hutu ki markaɗa kayan miya da yawa ki soya su sosai, ki raba a ƙananan robobi ko leda ki jefa firiza, kowace ɗaya ta girki ɗaya. Da wannan soyayyen kayan miyan zaki yi shakshuka, ki yi jalof ɗin taliya, ki kaɗa miyar kuka cikin minti goma. In kina dafa wake ki dafa ninki biyu ki daskarar da rabi. In kina yin gada ki ƙara gwangwani ɗaya na shinkafa da niyyar dare, ɗumame ai ba baƙon abu bane a wajen Bahaushe.

Amma a nan sai an kula, saboda zafin garin nan ba wasa ba, Makka da rani tana wuce digiri 40 hankali kwance. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32 awa 1 ne kawai, kuma kicin ɗin yawancinmu babu mukayyif, wato AC. Shinkafa tafi kowa haɗari, akwai ƙwayar cutar da take tsira daga dahuwa, in aka bar tukunyar a rufe tun azahar har Isha sai ta hayayyafa ta saki dafin da ɗumamawa baya kashe shi, shine zaki ga yara sun kwana amai a rasa dalili. Da an gama gada ki baza ragowar a faranti mai faɗi ta huce, ki sa a tallaja, da dare ki ɗumama ta yi zafi sosai har tana tururi, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Miya da nama a tallaja kwana 3 zuwa 4, abinda zai wuce haka firiza.

Wani abu da nake roƙonki ki daina, ba yara haƙuri a kan abinci. "Ku yi haƙuri yau ƙwai ne kawai, Umma ta gaji." Yaron da yake murna zai ci ƙwai da burodi ke da bakinki kin koya masa cewa an rage masa wani abu, gobe shi zai fara cewa yau ma ƙwai. Ki ajiye abincin kice bismillah ku zo ku ci, shikenan. Ki zauna tare da su ko da ke ba ci zaki yi ba, a ajiye waya da aifad, minti goma sha biyar ɗin da tuƙin tuwo zai cinye miki a kicin ki yi shi a kan leda kina jin labarin wanda ustaza ta yaba da wanda aka ƙwace wa biro. Akwai wata masaniyar abincin yara 'yar Amurka, Ellyn Satter, tsarinta ya shahara sosai, tace iyaye su ke yanke me za'a ci da yaushe da kuma a ina, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. In kika riƙe wannan kin huta da bin yaro da cokali, kin huta da dafa abu uku don kowa da nasa zaɓin. Wanda yace baya so ga burodi ga laban, ba'a sake kunna wuta. Ƙananan dai a kula musu, inabi a tsaga shi ta tsawo, gyaɗa guda-guda kuma ba'a ba ɗan ƙasa da shekara biyar saboda shaƙewa.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Garin nan mutane basa barci da wuri, ƙarfe sha ɗaya na dare zaki ga yara a bakala, alhali makaranta wajen bakwai na safe ake shiga, kuma yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 barcin awa 9 zuwa 12 yake buƙata. Tuwon da sai goma da rabi za'a kwashe, yaro ya ci yana gyangyaɗi ya kwanta da ciki dam, ful ɗin da aka ci tsakanin Magriba da Isha ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Saura bakin mutane. Uwar miji zata kira bidiyo daga gida tace a nuna mata me jikokinta suke ci, ta ga burodi tace "oh ni, yanzu wannan ne abincin dare, shi yasa duk suka rame". Kar ki yi musu da ita, ba zaki ci riba ba, kice "Hajiya ai da rana suka ci shinkafa da kaza, nan da dare basa iya cin mai nauyi saboda zafi, amma ranar Juma'a tuwo zamu yi in sha Allah", ki wuce zuwa gaisuwar mutanen gida. Masu ɗora hoton kuloli bakwai a status da Snapchat kuma ki tuna ranar da suka yi baƙi suke ɗauka, babu mai ɗora hoton daren Talata. In maigida ne yace shi fa in bai ci tuwo ba kamar bai ci abinci ba, wannan a zauna a yi magana cikin mutunci ba lokacin da yake jin yunwa ba, a tsayar da ranakun tuwo biyu ko uku a sati, tuwon semo baya wuce minti goma sha biyar in miyar tana firiza, sauran ranakun kuma shi ya biyo da tamis da ful in zai dawo daga masallaci, ai hanyarsa ce. Ku ma iyaye maza masu karantawa, ƙorafi a kan abinci a gaban yara ba ɗabi'ar Manzon Allah (SAW) bace, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci in baya so ya bari, kuma Nana A'isha (RA) ta bada labarin ana ganin jinjirin wata har uku ba'a hura wuta a gidajensa ba, dabino da ruwa ne abincin.

Akwai lokacin da damuwar take da gaskiya, kuma shi ba'a gane shi ta kallon faranti, jikin yaron ake kallo. In kinga yana ramewa ko ya daɗe nauyinsa bai ƙaru ba, kayan bara har yanzu sun yi masa daidai ko ma yawa, cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, kullum a gajiye baya son wasa, yana cin ƙasa ko tauna ƙanƙara, ko kuma ya ƙi komai sai abu biyu ko uku tak har tsawon watanni, toh wannan ba maganar ƙara girki bace, ki kai shi ƙaramin asibiti, markaz sihhi na unguwarku ko mustausaf, a auna nauyi da tsawo a duba jininsa. Ki tafi da katin rigakafinsa, kuma kafin ranar ki rubuta abinda ya ci na kwana uku a waya har da abin sha da kayan bakala, don likita zai tambaya.